Filin Lafiyarku: Ƙiba, Tumbi da Abin da Suke Jawowa

Wasiƙun wannan fitowa sun taru ne a kan ƙiba da teɓa. Mun taƙaita su, mun cire sunaye kamar yadda muka saba. Likitocin da ke kula da wannan fili, tare da masaniyar abinci mai gina jiki, su ne suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 41, haihuwata biyar. Nauyina kilo 86, tsayina mita 1 da santimita 62. Ƙawayena na cewa jikina ya yi kyau, alamar maigida na kula da ni ce, amma ungozoma a CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, ta ce in rage. Wa zan bi? Ta yaya ake gane ƙibar da ta wuce kima? (Wata uwargida, Wadata, Yamai)

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki bi ungozoma. Ido ba ya raba wannan gardama, balle idon ƙawa. Awo ne ke raba ta, kuma awon iri biyu ne.

Na farko shi ne lissafin nauyi da tsayi, wanda ake rubutawa IMC a takardun asibitocinmu. Ana ninka tsayi da kansa, a mita, sannan a raba nauyi da abin da ya fito. Naki ga shi: 1.62 sau 1.62 ya ba da 2.62, a raba 86 da 2.62, a sami 32.8. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wa manya haka: ƙasa da 18.5 rama ce, daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya wuce kima, daga 30 zuwa sama kuwa teɓa ce, kuma ciwo ake ɗaukar ta. Teɓar ma hawa uku ce, ta biyu na farawa a 35, ta uku a 40. Ke kina hawan farko.

Wannan lissafi yana da iyaka. Bai san bambancin tsoka da kitse ba, shi ya sa ɗan kokowa zai iya haura 28 alhali ba shi da kitsen kirki a jikinsa. Ba a yi wa mai ciki shi, yara kuma nasu jadawalin daban ne. Bai kuma san kumburi ba: in kika danna ƙwaurinki da yatsa na ɗan lokaci kika ga wurin ya loɓa bai taso ba, ruwa ne ya taru, zuciya ko ƙoda ko hanta za a duba.

Awo na biyu ya fi na farko faɗin gaskiya, kuma abin awon tela kawai yake buƙata. Ki tsaya, ki ɗage riga, ki laluba haƙarƙarinki na ƙarshe da saman ƙashin ƙugu. Tsakiyar su biyun, galibi ɗan sama da cibiya, nan za ki zagaya da abin awon. Kada ya karkace, kada ki matse shi har ya shiga fata, kada kuma ki ja ciki. Ki fitar da numfashi yadda kika saba sannan ki karanta. Ga mace, daga santimita 80 haɗari ya soma, daga 88 ya yi yawa. Ga namiji 94 ne da 102. In babu abin awo, a yanki zare daidai tsayinki, a ninka shi biyu. In bai zagaye cikinki ya haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa. Rabin tsayinki santimita 81 ne.

Kada ki sa wa ranki sai kin koma kilo 65, wato inda lissafinki zai sauka zuwa 25. Masu sa wannan buri su ne ke saurin karaya. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi, wanda a wajenki kilo 4 ne zuwa 9 cikin wata shida, ya isa ya sauko da hawan jini da sukarin jini, gwiwa ma ta ji sauƙi.

Maganar ƙawaye kuwa, ba a Wadata kaɗai ake fama ba. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022, mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da teɓa, kuma yawanta a tsakanin manya ya ninka fiye da sau biyu daga 1990. Abin da ya bambanta mu shi ne a nan har yanzu yabo ake yi wa mai ita.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Katako, shekaruna 48, tsayina mita 1.75, nauyina kilo 74. Hannuwana da ƙafafuna sirara ne, tumbi ne kawai ya fito, tela ya auna shi santimita 101. Babu inda ke yi mini ciwo. Sai dai maiɗakina ta ce ina minshari har numfashina na ɗaukewa. Akwai abin damuwa? (Wani mai karatu, Bukoki)

Amsa: Akwai, Alhaji, kuma irin naka ne ya fi kuɓuce wa mutane. Lissafin nauyinka da tsayinka 24.2 ne, wato sikeli zai ce lafiyarka lau. Amma rabin tsayinka santimita 87.5 ne, cikinka kuma 101.

Kitse a jiki gida biyu ne. Akwai na ƙarƙashin fata, wanda ke taruwa a cinya da ɗuwawu, cutarsa da sauƙi. Akwai kuma na cikin ciki, wanda ke lulluɓe hanji, shi ne ke turo tumbi ya yi tauri. Jinin da ya ratsa wannan kitse kai tsaye yake wucewa hanta, ɗauke da maiƙo da sinadaran da ke tayar da kumburi. Hanta sai ta soma tara kitse ita ma. Daga nan hanta da tsoka su daina jin maganar insulin, sinadarin da ke shigar da sukari cikin ƙwayoyin jiki. Gaɓar da ke samar da insulin, wadda ke kwance bayan jakar abinci, sai ta ninka aiki don ta rufe giɓin. Tana iya yin shekaru a haka mutum bai ji komai ba. Ranar da ta gaza ne sukari ke hawa, a soma ƙishirwa, fitsarin dare, gani dishi-dishi, gyambon da ba ya warkewa. Wata alama tana riga waɗannan fitowa: baƙi mai kauri a bayan wuya da hamata. Mutane kan ɗauka dauɗa ce su yi ta dirza da soso, alhali yawan insulin ne a jini.

Hawan jini ma ta nan yake biyowa. Jiki ya ƙaru, jinin da zuciya za ta tura ya ƙaru, ƙoda kuma tana riƙe gishiri fiye da kima. Ƙarshen hanyar shi ne shanyewar ɓarin jiki, ciwon zuciya, ko ƙodar da sai an riƙa wanke ta da na'ura. A 2016 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa nau'i 13 na ciwon daji da yawan kitse ke ƙara haɗarinsu, ciki har da na babban hanji, hanta, ƙoda, mahaifa, da na nono bayan ɗaukewar al'ada.

Ga abin da za ka yi a wannan wata. Ka auna jini kana zaune, bayan ka huta minti biyar, a ranaku biyu daban. In ya kai 140 bisa 90, abin da ma'aikatan lafiyarmu ke kira 14/9, hawan jini ne. Masu kaurin damtse su lura: in damtse ya wuce santimita 32 aka ɗaura masa ƙaramin maɗauri, awon zai fito sama da gaskiya, don haka a nemi babba. Sannan ka auna sukari da safe bayan awa takwas ba ci. Ƙasa da giram 1.10 a lita daidai ne. Daga 1.10 zuwa 1.25 kana bakin ƙofa. In ya kai 1.26 har sau biyu, ciwon sukari ne. Akwai awon HbA1c da ke nuna yadda sukari ya kasance cikin wata uku, iyakarsa kashi 6.5, amma mai sikila ko ƙarancin jini ya gaya wa likita, don yana iya ba da amsar da ba daidai ba. A haɗa da awon maiƙon jini, na ƙoda da na hanta. Awon jini da na sukarin yatsa ana samun su a CSI da famasi da dama, sauran kuma sai ɗakin awo irin na Babban Asibitin Ƙasa na Yamai.

Minsharin da numfashi ke ɗaukewa ciwo ne mai zaman kansa. Kitsen wuya da harshe ne ke toshe hanyar iska in tsoka ta saki a barci, iskar jini ta ragu, mutum ya zabura ya koma, sau da dama a awa guda ba tare da ya sani ba. Alamominsa ciwon kai da safe, gyangyaɗi da rana a shago, da hawan jinin da ya ƙi jin magani. Namijin da wuyansa ya kai santimita 43 ya fi shiga haɗarin. Ka riƙa kwanciya a gefe, ka guji ƙwayoyin barci, kada kuma ka kama doguwar hanya irin ta Dosso zuwa Ƙonni da tuƙi in kana jin gyangyaɗi. In abin ya yi tsanani akwai na'urar da ke hura iska a hanci cikin dare.

Abin da zai ƙarfafa maka gwiwa: a wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2002, kan mutum sama da 3,000 da ke bakin ƙofar ciwon sukari, waɗanda aka ɗora kan rage kashi 7 na nauyinsu da tafiyar minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da kashi 58 cikin ɗari. Kitsen ciki kuma yana cikin wanda ke fara narkewa.

Tambaya: Ɗiyata za a yi wa aure nan da wata uku, kuma siririya ce. Mai gyaran jiki ta kawo ƙwayoyi iri biyu, ɗaya deksa, ɗaya ta buɗe ciki, ta ce cikin sati uku za ta cika ta yi kyau. Ta riga ta sha na kwana goma. Lokotoro, in bar ta ta ci gaba? (Wata uwa, Talladje)

Amsa: A'a, Hajiya. Ki karɓe su daga hannunta, ku tafi asibiti da fakitin a wannan mako.

Deksa ita ce deksametazon, magani mai ƙarfi da ake bayarwa a asma mai tsanani da wasu cututtukan kumburi, na ƴan kwanaki kuma da awo. Cikar da take kawowa ba lafiya ba ce. Jiki ne ke riƙe ruwa da gishiri, kitse kuma ya taru a fuska, bayan wuya da ciki, yayin da tsokar hannu da ta cinya ke narkewa. Wato inda ake so a cika nan ne ke ramewa. Bayan ƴan watanni sai a ga fuska ta yi zagaye, ƙuraje da gashi sun fito a haɓa, nankarwa mai faɗi, ja ko shuɗi-shuɗi, ta tsage ciki da cinya, wadda ba ta gogewa. A ciki kuma sukari da jini su hau, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta faɗi har tarin fuka da ya kwanta ya farka, al'ada ta rikice. Amaryar da ake gyarawa don ta haihu, an soma da taɓa mata haihuwar.

Akwai wani tarko da ya kamata kowa ya sani. A saman kowace ƙoda akwai ƴar ƙaramar gaɓa mai samar da kortizol, sinadarin jiki da deksa ke kwaikwayon aikinsa. In mutum ya daɗe yana shan deksa, kamar sati uku zuwa sama, waɗannan gaɓoɓi sukan daina aiki. In ya yanke shan a rana ɗaya, sai jini ya faɗi, ga amai, ga kasala, wani har suma da rasa rai. Don haka wadda ta daɗe a kai kada ta daina da kanta, likita ne zai riƙa rage mata kaɗan-kaɗan. Ɗiyarki kwana goma ne, ba ta yi nisa ba, amma ba mu san adadin da take sha ba, shi ya sa muka ce a je da fakitin.

Ta buɗe cikin galibi siproheptadin ce, wadda ake sayarwa da sunaye irin su Apetamin da Super Apeti. Asalinta maganin ƙaiƙayi da borin jini ce. Tana sa barci, jiri da bushewar baki, an kuma samu waɗanda ta taɓa wa hanta.

Son cikar jiki ga mace tsohon abu ne a ƙasar nan. Zabarmawa na da hangandi, al'adar ciyar da mata don su yi ƙiba, Larabawan Azawak a arewacin Tawa kuma sun daɗe suna ɗura wa ƴan mata nono da gero. Ba ma yaba ɗurar, amma ƙwaya ta fi ta muni nesa ba kusa ba.

Ki lissafa mata nauyi da tsayi yadda muka nuna a sama. In ta kai 18.5, halittarta ce, a ƙyale ta. In ba ta kai ba, a nemi dalili tukuna: tsutsar ciki, tarin fuka, ciwon sukari, tiroyid (wata gaɓa a gaban wuya) mai aiki da yawa, ko damuwar auren kansa. In babu ko ɗaya, a ƙara mata fura da nono, ƙwai, wake, gyaɗa da cuku tsakanin abinci da abinci. Rabin kilo a mako ya wadatar.

Tambaya: Wallahi ba na cin abinci da yawa, amma kullum ƙaruwa nake. Da safe rabin burodi da mayonez da kofi mai madarar gwangwani, da rana shinkafa faranti ɗaya da lemun kwalba, shayi a wurin aiki, da dare tuwo. Ko asiri ne, ko ciwo? (Wani ma'aikaci, Yantala)

Amsa: Malam, mun yarda ba ka cika ciki. Matsalar tana cikin abin da ba ya cika ciki: mai da sukari.

Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki: giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na garin hatsi ko sukari kuwa bai wuce 4 ba. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko man ja ya kai kalori 120, lita guda ta haura 8,000. Ka tambayi uwargida kwana nawa galan mai lita biyar yake yi. A ce gidan mutum takwas ne, galan kuma na ƙarewa a kwana goma: rabin lita ke nan a rana, kowa ya tashi da kalori 500 daga mai kaɗai, babban cokali huɗu, tun bai taɓa tuwon ba. Miyar da mai ke yawo a samanta, shinkafa da wake da ake kwarara wa mai, fanke, ƙosai, soyayyar doya, duk nan suke. Mafita a daina zuba mai daga bakin galan, a riƙa auna shi da cokali, a nufi cokali biyu ga kowane mutum a rana. Mayonez kusan mai ne zalla, cokali ɗaya ya doshi kalori 100.

Sai sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 50 a rana, kimanin ƙaramin cokali 12, in ya tsaya a 25 ya fi. Kwalbar lemu mai santilita 33 tana da wajen giram 35. Madarar gwangwani mai zaƙi fiye da rabin nauyinta sukari ne. Bisap da lemun citta na leda sau da yawa ba su gaza na kwalba zaƙi ba. Shayi kuwa, ƙaramin kofin da ake cika da sukari a juye a buta yana ɗaukar giram 50 ko fiye, kuma zagaye uku ake yi, wani wurin safe da yamma. Abin sha ba ya ƙosarwa, shi ya sa mutum ke rantsuwa bai ci komai ba, kuma da gaskiyarsa.

Ka lissafa da kanka. Ajiye kwalbar lemu, kalori 140. Cire cokali biyu na mayonez, kusan 190. Rage giram 20 na sukarin shayi, 80. Rage cokali biyu na mai, 240. Ka haura 600 ke nan ba ka taɓa ƙwayar shinkafa ba, alhali ragin 500 a rana ya isa ya sauke kusan rabin kilo a mako a watannin farko.

Farantin rana kuma a sake masa tsari. Rabinsa ganye da kayan lambu: zogale, rama, yakuwa, kabeji, salati, tumatir, yalo. Kwata ɗaya wake, kifi, kaza, ƙwai ko nama marar kitse. Shinkafa, taliya ko tuwo su tsaya a kwatan da ya rage, kamar girman dunƙulen hannunka. Mai ci a tire ɗaya da jama'a ba ya sanin abin da ya ci, don haka ka ɗebi naka a faranti. Kopto, wato kwaɗon ganye, abinci ne mai kyau matuƙar ba a nutsar da shi a mai ba. Tuwon gero ko dawa ya fi farar shinkafa riƙe ciki, musamman in ba a surfe hatsin ya yi fari tas ba. Fura kuma abinci ce cikakkiya. Wanda ya ci tuwo ya ɗora da kofin fura mai sukari, sau biyu ya ci. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, iyakar gishiri kuma giram 5 ce a rana, don haka a rage shi a ƙara daddawa, gabu da tafarnuwa.

Abin da ke ɓata wa mutane shiri shi ne ƙin karin kumallo, su wuni da yunwa, da dare su rama har da riba. Ƙarancin barci, ƙasa da awa bakwai, shi ma yana buɗe ciki.

In ka yi wata uku a kan wannan sikeli bai motsa ba, a yi maka awon jinin da ake kira TSH don duba tiroyid, ko da yake raunin tiroyid ƴan kilo kaɗan yake ƙarawa. Ka kuma nuna wa likita duk maganin da kake sha. Insulin, wasu magungunan farfaɗiya da na taɓin hankali, da allurar tazarar haihuwa ta wata uku ga wasu mata, suna ƙara nauyi. Ba a daina su da ka. Canji ake nema.

Tambaya: Duk gidanmu masu jiki ne. In gado ne, me zai sa in wahalar da kaina? (Wata ɗaliba, Harobanda)

Amsa: Ƴar'uwa, gado na da hannu sosai, binciken da aka yi kan tagwaye ya nuna kashi 40 zuwa 70 na bambancin nauyi tsakanin mutane daga halitta yake. Abin da aka gada shi ne saurin tara kitse, da kuma tukunyar gidan. In akwai mai ciwon sukari cikin iyayenki, ke ce ya fi kamata ki soma awo da wuri.

Tambaya: Ina ganin tallar shayin rage tumbi da ɗamarar da ke sa zufa a Facebook da WhatsApp. Wata kuma ta ce akwai allurar da ake yi sau ɗaya a mako. Wanne ke aiki? (Wata mai ɗinki, Lazare)

Amsa: Shayin da ɗamarar ki bar kuɗinki a jaka. Yawancin irin wannan shayi filasko ne ko wani maganin wankin ciki, wasu kuma ana zuba musu maganin sa fitsari a ɓoye. Kilo biyun da ke sauka a kwana uku ruwa ne, yana dawowa da kin sha. Abin da ke fita tare da ruwan shi ne sinadarin potasiyam, wanda ƙarancinsa ke rikita bugun zuciya, kuma a zafin Yamai rashin ruwa na iya taɓa ƙoda. Wanda ya daɗe yana sha, hanjinsa kan saba har ya kasa fita bayan gida sai da shi. Ɗamara zufa take fitarwa, kitse kuwa ba ya fita ta fata. Ruwan zafi da lemun tsami ba ya narka komai, amfaninsa ɗaya in ya maye gurbin shayi mai sukari.

Allurar gaskiya ce. Sunanta semagilutid, ana sayar da ita da sunan Ozempic ga masu ciwon sukari, Wegovy ga masu teɓa. Tana rage jin yunwa, tana kuma jinkirta fitar abinci daga ciki. A babban gwajin da aka wallafa a 2021, masu yin ta sun rage kusan kashi 15 na nauyinsu cikin mako 68. Amma da suka daina, kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka rage ya dawo cikin shekara guda. Tana sa tashin zuciya, amai da gudawa ko taurin ciki, wani lokaci tsakuwa a maɗaciya. Mai ciki da mai neman ciki ba sa yin ta. Tana da tsada, tana buƙatar firiji, kuma a watan Yuni na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabunta da aka kama a ƙasashe da dama. Wadda aka ɗauko a jakar matafiya aka tallata a waya, ba mu ba ki shawarar ko taɓa ta ba. An yi ta ne don wanda lissafinsa ya kai 30, ko 27 tare da wani ciwo, a ƙarƙashin kulawar likita.

Tambaya: An ce in riƙa motsa jiki, amma gwiwoyina na ciwo, ko sujada da ƙyar nake tashi. Ga kuma zafi. Shekaruna 56. (Wata Hajiya, Kalley)

Amsa: Sannu, Hajiya. Gwiwa na ɗaukar fiye da nauyin mutum a kowane taku. An auna cewa kilo ɗaya da aka rage yana sauke mata kusan kilo huɗu. Zama kuma ƙara ciwon yake, don tsokar cinya da ke tallafar gwiwa raguwa take yi.

Ki soma da tafiyar minti goma bayan sallar asuba, a ƙasa mai laushi, da takalmi mai rufi da taushin tafi, ba silifa ba. Duk mako ki ƙara minti biyar har ki kai 30, kwana biyar a mako. Saurin da ake so shi ne wanda za ki iya magana amma numfashi ya ɗan ƙaru. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kada ki fita tsakanin hantsi da la'asar, ki sha ruwa kafin fita da bayan dawowa. Masu zagaya filin wasa na Seyni Kountché da sassafe da yamma sun gane wannan. In fita na da wuya, zagayen tsakar gida na minti goma bayan kowane abinci yana shiga lissafi, yana ma sauko da sukarin jini.

Don cinya: ki zauna a kujera mai ƙarfi, ki tashi ki zauna sau goma, ki huta, ki maimaita sau uku, kwana uku a mako. In gwiwa ta kumbura ko ciwon ya wuce kwana guda, ki rage, kada ki daina. Ciwon ƙirji, jiri ko ƙarancin numfashi mai tsanani kuwa, a tsaya nan take a nemi asibiti. Ki kiyayi ƙwayoyin ciwon gaɓɓai na ƴan tebur, wasunsu da deksa a ciki. Ki sani kuma tafiyar minti 30 kalori 150 ce ko kusa, kwalbar lemu ɗaya ta shafe ta.

Tambaya: Shekara uku da aurena ban samu ciki ba, al'adata sai ta yi wata biyu ko uku ba ta zo ba, nauyina kilo 95, tsayina 1.65. Ƙiba na hana haihuwa? In na samu cikin fa? (Wata mai karatu, Tawa)

Amsa: Tana iya hanawa, ƴar'uwa. Lissafinki 34.9 ne. Yawan insulin yana sa jakar ƙwai ta samar da sinadarin maza fiye da kima, ƙwai ya kasa nuna ya fito duk wata. Alamominsa tsallaken al'ada, gashi a haɓa, ƙuraje da baƙin wuya. Ki ga likitan mata a yi hoton ciki da awon jini, maigida ma a auna shi, don teɓa na rage ingancin maniyyi. Rage kilo 5 zuwa 9 kan dawo wa mata da yawa da al'ada, yana kuma sa maganin tayar da ƙwai ya fi kamawa. Ki soma shan ƙwayar bitamin ta folik asid tun kafin cikin ya shiga, likita zai faɗa miki adadin.

In Allah Ya kawo, ba a rage nauyi da ciki, amma ba a ci na mutum biyu. Mai daidaitaccen jiki kan ƙara kilo 11.5 zuwa 16 a duk tsawon cikin, wadda nauyinta ya ɗan wuce kima 7 zuwa 11.5, mai teɓa kuma 5 zuwa 9 kacal. Ki fara awon ciki tun watannin farko, a auna miki sukari a zuwan farko, a sake tsakanin mako na 24 da na 28, jini kuma a duba shi duk zuwa saboda jijjiga. Sukarin da ba a kula da shi ba yana sa jariri ya wuce kilo huɗu, kafaɗarsa ta maƙale a wajen haihuwa. Don haka ki shirya haihuwa a asibitin da ke da ɗakin tiyata, irin cibiyar uwa da yaro ta Tawa, ba a gida ba. In an same ki da sukarin ciki, a sake auna ki tsakanin mako na 6 da na 12 bayan haihuwa, sannan a riƙa maimaitawa duk shekara ɗaya zuwa uku.